Farin Tabo a Koren Allo

Litinin, 10 ga Afrilu 1989, biyar na yamma

Kwamfutar ofis ta ƙone yau.

Sha ɗaya da rabi ina zaune ina shigar da sunayen manoman rani na gefen Zobe, kowa da lambar filinsa, sai na ji ƙauri kamar an jefa silifas a murhu. Gilashin ya yi baƙi. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin. Na fizge wayar daga bango, na tsaya ina salati.

Baba Yunana, mai kula da injin wutar ofishinmu, shi ya fara shigowa, hannunsa duk baƙin mai. Ya dubi na'urar, ya dube ni, ya ce, "'Yata, je ki kira Alhaji." Na tafi. Ko da muka dawo da Alhaji Rabo, manajanmu, taga a buɗe take, an goge teburin tas.

Alhaji ya ce, "Sauda, me kika taɓa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, aikina nake yi."

Gaskiya ce. Aikina nake yi.

Ita kaɗai ce a ofishin nan. Turawan agaji suka kawo ta bara, aka ware mata ɗaki, aka tura ni Kaduna sati shida na koyo ta. Ni da na yi shekara bakwai ina dukan tafireta ba wanda ya san sunana, sai ga shi har direbobi suna ce mini Hajiya Kwamfuta. Makullin ɗakin a jakata yake kwana.

Yau huɗu ga azumi. Ban san da me zan sha ruwa ba, ban kuma damu ba.

Talata, 11 ga Afrilu, bakwai na safe

Na riga kowa zuwa. Abin da na bari a ɗakin jiya ba ya nan. Ban tambayi kowa ba.

Laraba, 12 ga Afrilu, bayan la'asar

Injiniya ya zo daga Kaduna, da laktaye a cikin wannan zafin. Minti goma ya yi, na duba agogo. Ya kwance murfin, ya leƙa, ya shinshina, ya goge yatsunsa da hankici, ya ce babban allon ciki ne ya ƙone. Sai ya tambaya ko wutar gari muke amfani da ita ko inji. Da aka ce inji ne yawanci, ya ɗaga hannu sama.

"Shi ke nan! Injinku ne ya turo wuta fiye da ƙima. Wa ke kula da shi?"

Baba Yunana yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hularsa. Ya ce, "Ni ne, yallaɓai."

Injiniyan ko kallonsa bai yi ba. Ya sha lemo kwalba biyu a gabanmu, ya shiga mota.

Ban ce komai ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu, ƙarfe biyu

An ba Baba takardar tuhuma. Ni na buga ta, a tsohuwar tafiretata da aka ciro daga sito, harafin r ɗinta yana maƙalewa kamar da. Za a kai maganarsa gaban kwamiti. In an same shi da sakaci kora ce, ba fansho, kuma ya tashi daga ɗakunan da ke bayan ofis inda suke zaune da matarsa.

Shekara goma sha tara yana tayar da inji ƙarfe takwas. Saura shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya. Tun yana saurayi ya baro garinsu can kudancin Kaduna, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Dutsin-Ma daɗi. Duk ofishin nan ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya, in ba da injin yake faɗa ba.

Da na miƙa masa takardar, da hannu biyu ya karɓa. Ya ce, "Sannu da aiki, 'yata."

Sannu da aiki! Wayyo Allah.

Juma'a, 14 ga Afrilu, bayan shan ruwa

Duk azumi Baba kan cika gwangwanaye da ruwa ya jera a firijin ofis, ya raba wa masu azumi ƙanƙara lokacin tashi. Shi ba azumin yake yi ba, shekara da shekaru haka yake. Na ɗauka yau ba zai yi ba. Ina fitowa na tarar da nawa a kan tebur, a naɗe da tsohuwar jarida.

Na kawo shi ɗaki na sa a kwano, na zauna ina kallonsa har ya narke. Da ruwan randa na sha ruwa.

Asabar, 15 ga Afrilu, Kurfi, hantsi

Na zo gida ganin Inna da yara. Hawwa'u ta ƙara tsawo, Bilya ya fasa gwiwa. Tun rasuwar babansu aikin nan ne ke riƙe da mu huɗu, Inna kuwa ba ta gajiya da faɗa wa maƙwabta 'yarta ce ke tuƙa injin da ya fi mutum ƙwaƙwalwa.

Ina zaune a tabarma ta ɗauko buhun algarara, ta tsoma a bokiti, ta matse, ta naɗe randa da shi don ruwan ya yi sanyi kafin magariba. Haka take yi tun ina goye. Na tashi na shige ɗaki.

Ta biyo ni. "Ke lafiyarki? Kin ga maciji ne?"

"Kaina ke ciwo, Inna."

"Azumi ne. Kwanta."

Na kwanta. Daga ɗakin ina jin ɗigar ruwan buhun a ƙasa, ɗis, ɗis, ɗis.

Lahadi, 16 ga Afrilu, azahar

Sau uku na rubuta a gyara na'urar sanyaya ɗakin nan. Sau uku. Kwafen suna cikin fayil.

Litinin, 17 ga Afrilu, huɗu na yamma

Turawan za su zo duba aiki bayan sallah, Alhaji ya rasa inda zai sa kansa. Kaduna sun ce sabon allo sai an yi oda daga waje, wata uku ko huɗu. Yau ya kira ni.

"An ce kina da kawu a Kurfi wanda ba abin da ya gagare shi."

"Rediyo yake gyarawa, ranka ya daɗe. Da talabijin."

"Duk waya ce da dalma. A kai masa."

Na ce Kawu Tukur bai taɓa ganin kwamfuta ba. Na ce hanya ba kyau, za ta ƙara lalacewa. Har cewa na yi idonsa ya yi rauni, Allah ya yafe mini, mutumin da ke zura zare a allura ba tabarau. Alhaji ya ce jibi direba zai kai ni, da akwatin da sitabilaizarta mai daidaita wuta duka.

Kowa na duniya ya buɗe ta, ban da Kawu. Shi ba gyara kawai yake yi ba. Sai ya san abin da ya kashe abu, ko da mai shi ya ce a bari.

Laraba, 19 ga Afrilu, Kurfi, bayan la'asar

Shagon Kawu yana nan yadda na san shi, gawarwakin rediyo har rufi, ƙaurin dalma, da benci ɗaya mai ƙafa uku da bulo. Ƙanen Inna ne. A soja ya koyi aikin, sashen sadarwa, kuma har gobe in ya yi tambaya sai ka ji kamar ka miƙe tsaye.

Ya sa aka ɗora ta a tebur, ya kori 'yan kallo, ya wanke hannu.

"To, Hajiya Kwamfuta, ga mu gaban uwar ɗakinki. Me aka ce ya same ta?"

"Wai inji ne ya turo wuta da yawa."

"Wa ya ce?"

"Injiniya daga Kaduna."

"Da laktaye?"

"Da laktaye."

Ya ce to ai magana ta ƙare, mu koma gida. Sannan ya ɗauko mitarsa.

Da sitabilaiza ya fara. Ya auna, lafiya lau. Ya kwance akwatin, ya nuna mini wani ƙaramin akwatin ƙarfe a kusurwa, ya ce nan wuta ke fara sauka kafin a raba ta. Ya buɗe shi ya ciro fiyus, ya ɗaga a hasken ƙofa. Zaren cikinsa yana nan bai tsinke ba. Ya jona akwatin shi kaɗai, fankarsa ta juya sumul.

"Ran da abin ya faru, ƙwan fitila nawa suka mutu a ofishin?"

"Ko ɗaya."

"Firiji fa?"

"Yana aiki."

"Fankar Alhajinku?"

"Tana juyawa."

Ya ce, "Sauda, wutar da ta yi yawa ta ƙofa take shigowa. Sai ta ci sitabilaiza, ko ta ci fiyus, ko ta ci wannan akwatin, kafin ta kai ga allo. Duk ga su da ransu. Wannan ba aikin inji ba ne, ko wane ne mai injin a sake masa mara."

Na ce, "To mene ne, Kawu?" Muryata ko ni ban gane ta ba.

Ya zare koren allon a hankali. Faɗinsa ya kai faranti, ga 'yan ƙananan abubuwa baƙaƙe a jere, ga layukan jan ƙarfe sirara. Can gefe ɗaya wuri ya yi baƙi ƙirin, girman kwabo. Ya daɗe yana kallo. Ya mayar da murfin a kai ba tare da ya ɗaure ba, yana duba inda ramukan shan iska suka faɗo.

Ya ce haske ya tafi, in bar masa zuwa Asabar.

Alhamis, 20 ga Afrilu, safe

Ko Allah zai sa ɓera ya shiga shagon ya cinye allon.

Astagfirullah.

Juma'a, 21 ga Afrilu, bayan tashi daga aiki

Mama Magdalina, matar Baba, ta tare ni a bakin famfo. Ta riƙe hannuna.

"An ce kawunki yana dubawa. Allah ya yi masa albarka. Tsohon nan ya daina cin abinci, sai ya zauna gaban inji yana goge abin da ya riga ya goge. Na ce masa Sauda tana ciki ai, ba za ta bari a zalunce ka ba."

Na ce, "Allah ya sa, Mama."

Na zare hannuna na wuce. Na ƙware a rufe baki.

Asabar, 22 ga Afrilu, Kurfi, sha ɗaya na safe

Na tarar ya fito da benci waje, allon yana kan cinyarsa a kan farin ƙyalle. Bai yi mini Hajiya Kwamfuta ba. Ya ce, "Zauna."

Ya ba ni gilashinsa mai ƙara girman abu. Ya ce kada in dubi baƙin, in dubi gefensa. Na duba. Akwai wani fari-fari da ya bushe ya kewaye wurin, zobe a kan zobe, ga kuma kore-kore a ƙafafun ƙarfen.

"Kin san wannan?"

Na ajiye gilashin.

"Kin san shi. Shi ne ke fitowa a gindin butar da ake zuba wa ruwan rijiya. Na kankara na ɗanɗana jiya bayan shan ruwa, kanwa-kanwa ne. Ruwa ne ya ɗiga ya bushe, ya sake ɗiga ya bushe. Ba kwana ɗaya ba, na ƙirga zobe ya fi shida. Yana cin ƙarfen a hankali, har ran da ya haɗa layin da bai kamata su haɗu ba. Daidai ƙarƙashin ramukan shan iska."

Na ce, "Ko rufi ne ke yoyo."

"A watan huɗu? Yaushe rabonki da ganin hadari?"

Sai ya buɗe kwalin ashana. A ciki akwai zare guda uku, gajeru, ruwan ƙasa. Ya ce a bakin ramukan ya tsince su da hantsaki. Bai gaya mini zaren mene ne ba. Ni da shi duk a gindin randa ɗaya muka tashi.

Na fashe da kuka a bakin titi, babbar mace da ni, masu keke suna waiwaye. Ya bar ni na yi mai isata.

"Wa ake tuhuma?"

"Baba Yunana. Za su kore shi."

"Ya sani?"

"Ban sani ba, Kawu."

Ya shiga shago ya yago takarda daga littafin rasit, ya rubuta da manyan baƙaƙe irin na soja, ya sa hannu. Layi huɗu ne. Ba inji ba ne. Fiyus da sitabilaiza lafiya. Ruwa ne ya shiga ta ramukan iska, kwanaki a jere. Allon ba ya gyaruwa.

Bai sa a ambulan ba. Ya ninke ya danƙa mini.

"Ni ba zan taka zuwa Dutsin-Ma in tona asirin 'yar yayata ba. Ba zan kuma rubuta ƙarya da bakin azumi ba, ko ba azumi ma. Ga ta nan. Ke aka aiko, ke za ki kai."

"Kawu, yaran nan fa? Inna fa?"

"Na san da su. Shi ma tsohon wani ya san da shi."

Lahadi, 23 ga Afrilu, la'asar

Bari in rubuta, ko a nan ne.

Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun farkon Maris. Da rana ta take, ɗakin nan sai ya koma tanda, kwamfutar ta sandare, abin da na shigar tun safe ya tafi. Alhaji kuma kullum yana bakin ƙofa, sunayen nan fa, Sauda, sunayen nan. Mutum ɗari shida da wani abu. A Kaduna an gaya mana zafi ne babban abokin gabanta, an nanata har ya zauna mini. Ba wanda ya ce kada a yi mata abin da ake yi wa randa, don ba wanda ya zaci akwai mai yi.

Na je ɗakin inji na ce Baba ya ba ni buhu. Ya ba ni, ya ɗebo mini ruwa a rijiyar baya da bokitinsa. Ya ɗauka ƙasa zan goge. Na kulle ƙofa, na jiƙa, na matse iya ƙarfina, na lulluɓa mata ta baya da gefe.

Kuma ta yi aiki! Abin da ke ci na ke nan. Ta kai har ƙarfe uku ba ta sandare ba. Kwana tara ina yi, ina jin kaina, ina cewa Turawa da iliminsu ba su kai Inna dabara ba. Har na so in gaya wa Alhaji don ya yaba mini.

Ni ce. Ni ce. Ni ce.

Litinin, 24 ga Afrilu, ƙarfe uku

Direba ya dawo da akwatin. Alhaji ya ce, "Me kawun naki ya ce?"

"Ya ce ba ta gyaruwa."

Ya yi tsaki ya ce dama ya sani. Takardar tana cikin jakata, a aljihu ɗaya da makulli.

Ban yi ƙarya ba. Kullum ba na yin ƙarya. Allah ya isa tsakanina da irin wannan gaskiyar tawa.

Laraba, 26 ga Afrilu, safe

Na hango Mama Magdalina tana karɓar kwalaye a kantin bakin titi. Na sake hanya.

Alhamis, 27 ga Afrilu, bayan azahar

Kwamiti ya zauna jiya a Katsina, ba su ko kira shi ba. Rahoton mai laktaye suka karanta. Yau Alhaji ya ajiye mini rubutun hannunsa ya ce in buga kwafe uku, zai sa hannu Talata tunda Litinin hutun ma'aikata ne. Takardar korar Baba ce. An ba shi sati biyu ya kwashe kayansa.

Na sa takarda da kabon. Na buga sunansa. Na zo kan kalmar kora, r ta maƙale, na ciro ta da farce, ta sake maƙalewa. Na ɓata takarda biyar. Ta shida ta fita tsaf, ba kuskure ko ɗaya, irin aikin da ake yaba mini.

Na sa a fayil na kai teburinsa da hannuna.

Juma'a, 28 ga Afrilu, biyar da rabi

Da aka tafi masallaci na zagaya ɗakin inji. Yana zaune a kan gwangwanin mai, injin a kashe. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, akwai maganar da..."

Ya ɗaga hannu. Ya miƙe ya tura wata ganga gefe, ya jawo abu daga bayanta. Buhun ne, a bushe, an ninke shi huɗu.

"Tun ran nan yake nan. Da na shigo na gan shi a kanta yana ɗiga, shi ya sa na aike ki kiran Alhaji."

Ashe ya sani. Duk kwanakin nan, da takardar tuhuma, da sannu da aiki, da ƙanƙara, ya sani.

Na ce, "Baba, don me? Korarka za su yi. Ni na buga takardar jiya."

"Na ji ƙarar tafireta. Kin daɗe a kanta." Har da 'yar dariyarsa. "'Yata, saurara. Yarana sun girma, Julius yana aiki a Zariya, ba zai bar mu a titi ba. Ke naki biyu ko firamare ba su gama ba, ga tsohuwa. Ran da aka kawo gawar mijinki Mahmuda ina cikin masu haƙa kabari, na ga yaran nan. Ni kuma na ba ki buhun, na ɗebo ruwan, ban tambaya ba. Da na tambaya da ba a kai nan ba."

"Fanshonka fa? Sunanka fa? Za a ce ka yi sakaci."

Nan ya dubi injin. Ya ce, "Wannan ɗin ne kawai ke mini ciwo. Bai taɓa turo wutar da ta wuce ba, ko sau ɗaya." Sai ya haɗe rai. "Amma na gama magana. Ki riƙe bakinki. Mama ma ba ta sani ba, kada ki sa ta sani."

Ya mayar da buhun bayan ganga. Na fito ina ganin hanya bibbiyu.

Ga shi an ba ni abin da nake roƙo tun ran goma ga wata. Mai haƙƙin da kansa ya ce in yi shiru. To me ya sa hankalina bai kwanta ba?

Lahadi, 30 ga Afrilu, hantsi

Ban je Kurfi ba. Ba zan iya haɗa ido da Kawu ba, ba zan iya ganin randa ba.

Litinin, 1 ga Mayu, la'asar

Hutu. Na wanke kayana duka, har waɗanda ba su yi datti ba. Na karanta layi huɗun nan ya fi sau hamsin, ba su sake ba.

Hawwa'u, Bilya, ku yafe mini. Ko ta wace hanya na bi, akwai wanda zan nema wa gafara.

Talata, 2 ga Mayu, sha biyu na rana

Na yi.

Bakwai da rabi Baba ya tafi ɗebo ruwan inji, na shiga na ɗauke buhun. Alhaji yana zama, fayil ɗin a gabansa, ya cire murfin biro, na shiga ba sallama. Na shimfiɗa buhun a kan teburinsa, na ɗora takardar Kawu, na ɗora makulli.

"Mene ne wannan ƙazantar?"

Na gaya masa. Tun daga Maris har hayaƙi, ban rage ba. Ban kawo zancen wasiƙu ukun nan ba sai da ya ce me ya hana ni faɗa masa ɗakin ya yi zafi, sannan na ce suna cikin fayil na biyu daga sama. Bai buɗe ba.

Ya karanta takardar Kawu sau biyu. Ya ce, "Buhu. Jiƙaƙƙen buhu. Kamar goro!" Ya yi ta faɗa har masinja ya leƙo. Ya ce na mai da shi abin dariya, ya ce da wane baki zai gaya wa Turawa, ya ce sati uku ina kallo za a yanka bawan Allah.

Ya jefar da buhun ta taga. Ya ce in tafi gida, an dakatar da ni har sai abin da Katsina ta ce, kuma kada in sa rai. Na ce na gode.

Ina bakin ƙofa na ji ƙarar yaga takarda. Sau uku, kwafe uku.

Baba yana tsakar gida riƙe da bokiti. Ya ga buhun a ƙasa, ya gan ni.

"Wa ya aike ki?"

Tunda nake ban taɓa jin ya yi wa mutum tsawa ba. Na ce, "Baba, yi haƙuri." Ya juya mini baya ya shige ɗakin inji, ya rufo ƙofa.

Alhamis, 4 ga Mayu, Kurfi, bayan shan ruwa

Na tattaro kayana na mayar wa mai gida makullin ɗaki. Ban san abin da zan yi bayan sallah ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, tsoro sosai.

Ƙarfe huɗu ina cikin mota a tasha, ana jiran mutum biyu, sai ga shi a kan kekensa yana haki. Bai gaishe ni ba. Ya kwance wani ƙunshi daga bayan keken ya turo mini ta taga, mai nauyi, mai sanyi. Ƙanƙara ce, gwangwani huɗu, rabon mutum huɗu. A cikin buhun ya naɗo ta.

"Jarida ba za ta kai Kurfi ba," in ji shi. "Ki kai wa tsohuwa da yara. Ki gaida kawun naki, ki ce masa mai inji ya gode."

"Baba..."

"Ban huce ba tukuna. Riƙe da kyau, yana ɗiga."

Na rungume shi a cinya har Kurfi, zanena ya jiƙe sharkaf. Mun iso ana kiran sallah. Inna ta kwance buhun tana murna, ta fasa wa yara, ta ce ashe ofishin namu sun san darajar mutane. Kawu yana zaune a bakin zaure. Ya dubi buhun, ya dube ni, ya matsa mini wuri a tabarmarsa.

Inna ta miƙo mini kofi. Yau na sha.